Filin Iyali: Kafin Mu Ɗaure Kaya Zuwa Ƙasar Ƙanƙara

 

Kwanan baya wata takardar talla ta riƙa zagaya hannun jama'a a bakin babban masallacin Zongo bayan sallar Juma'a. Wani kamfanin tafiye-tafiye ne ke kiran mutane yawon buɗe ido na mako guda zuwa arewacin ƙasar Finlan, tare da ɗan jagora, domin kallon hasken nan mai launi-launi da ke bayyana a sararin samaniya cikin dare. Da yake wasu magidanta sun tuntuɓe mu a kan batun, muka ga ya dace mu tattauna shi a nan, domin al'amari ne da ya shafi dukiya da lafiya da addini gaba ɗaya.

Da farko dai, tafiya a bayan ƙasa domin ganin ikon Allah abu ne mai kyau, kuma magabata sun yi ta. A shekara ta 922 Ahmad bin Fadlan, manzon halifan Bagadaza, ya isa ƙasar Bulgar a gaɓar kogin Volga, ya ba da labarin tsananin sanyin hanya da gajartar daren bazararsu. Amma akwai abin da ya kamata ya gabata. Wanda Allah ya hore wa kuɗin irin wannan tafiya alhali bai sauke faralin Hajji ba, ko akwai bashi a wuyansa, ko kuɗin makarantar yara bai cika ba, to ya san inda zai fara sa dukiyarsa.

Sai batun takardu. Finlan tana cikin ƙasashen Shengen, kuma tun watan Yuni na 2024 kuɗin bizar babban mutum yuro 90 ne. Tunda yuro ɗaya daidai yake da sefa 655.957, wannan ya kama kusan sefa 59,000, kuma ba a mayar da shi idan an hana biza. Wajibi ne fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar dawowa, da shafi 2 da ba a buga komai a kansu ba, sannan a yanki inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin yuro 30,000. Ana karɓar takardun neman biza tun wata 6 kafin tafiya, don haka babu dalilin jira sai an ƙure lokaci. A tambayi kamfanin wane ofishin jakadanci ne ke duba takardun, a kuma je da kai. Duk wanda ya ce ya tabbatar mana da biza tun kafin a nema, mu yi hattara da shi, domin ba a hannunsa take ba. Kada a biya ko dala sai an ga rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace kuɗin jirgi daga filin Kajehun, da masauki, da abinci, da kayan sanyi, da abin da za a mayar idan tafiya ta fasa.

A nan muna da jan hankali ga matasanmu. Wanda ya karɓi bizar yawon buɗe ido da niyyar sulalewa ya ɓace a Turai, ya ci amanar da ya sa wa hannu, ya kuma toshe ƙofa ga na bayansa. Tun Oktoban 2025 ƙasashen Shengen suka fara ɗaukar hoto da zanen yatsun baƙi a bakin iyaka, na'ura tana lissafa kwanakin kowa.

Game da sanyi kuwa, mu mutanen Kwatano ba mu san shi ba. Ko a tsakiyar hunturu da wuya ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 20 a garinmu. A birnin Robaniyemi, inda ake kai yawancin baƙi, watan Janairu yakan zauna wajen digiri 10 ƙasa da sifiri, wani lokaci ya zarce 30 ƙasa da sifiri. Rigar sanyin da muke saye wurin 'yan gwanjo don hawa zemijan da asuba ba za ta wadatar ba. Ƙa'idar mutanen can ita ce sutura hawa 3: ta jikin fata ta ulu, domin auduga tana riƙe gumi ta sanyaya jiki, ta tsakiya mai kauri, sai ta waje mai tare iska da ruwa. A haɗa da hula mai rufe kunne, da safar hannu, da takalmi mai yalwa. Dattawa da masu hawan jini ko ciwon zuciya ko asma, da masu cutar sikila musamman, su ga likita kafin su yanke shawara, domin sanyi yana tayar da ciwon sikila.

Babban abin da takardar tallar ba ta ambata ba shi ne salla. Mu a nan yini da dare kusan awa 12-12 ne duk shekara. A Robaniyemi kuwa, ƙarshen Disamba yini bai cika awa 3 ba, sai Azahar da La'asar da Magariba su zo a jere kusa da juna, yayin da a watan Yuni rana ba ta faɗuwa na wasu makonni. Malamai sun daɗe da duba wannan. Sun kafa hujja da hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya umarci sahabbai da su ƙaddara lokutan salla a ranar da ta yi tsawo fiye da ƙima. Saboda haka inda alamomin lokaci suke bayyana ana bin su, inda suka ɓace kuma a ƙaddara da wuri mafi kusa da lokutansa ke rarrabuwa, wasu kuma suna bin lokacin Makka. Matafiyi ya zauna da malaminsa tun a gida, ya koyi hukuncin ƙasaru da haɗa salla da shafa a kan huffi, ya tuna cewa a mazhabarmu ta Malikiyya niyyar zaman kwana 4 cikakku tana yanke ƙasaru. Wanda zai je a Fabrairun 2027 ya sani azumi zai same shi a can.

Haka nan abinci. A shaida wa ɗan jagora tun da wuri cewa ba ma cin alade, ba ma shan giya. Kifi yana da yawa a ƙasar, shi ne mafi kwanciyar hankali, kuma guzurin gari da ƙuli-ƙuli ba ya ɓaci. Amma doka ta hana shiga da nama ko madara daga waje, don haka kilishi ya tsaya a gida. Ɗakin gumi da suke kira sauna al'adarsu ce, ana shiga ba sutura, kuma ba laifi mutum ya ba da uzuri cikin ladabi. A babban birninsu Helsinki akwai masallatai, har da jama'ar Tatar waɗanda suka kafa ƙungiyarsu ta Musulunci tun 1925. Ziyartarsu za ta ƙara wa tafiyar albarka.

Shi kansa hasken da za a je dominsa, burbushi ne da ke fitowa daga rana ya gwabza da iskar sama can ƙololuwa. Ana ganinsa daga ƙarshen Agusta zuwa Afrilu, amma idan gajimare ya rufe sama sai a yi mako ba a gan shi ba, kuma babu kamfanin da ke da iko a kan haka. Wanda ya amince da wannan, ya yi istihara, ya bar wa iyali abin cefane, ya rubuta abin da ake binsa da wanda yake bi, sannan ya tafi.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya yarda. Wassalam.