Maiƙon Fata Ba Dauɗa Ba Ne

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, daga Birnin Kudu har Gwaram ba a rasa ganin yara da jiki furu-furu, leɓɓa a tsattsage, iyaye mata kuma da faso a dugadugai. Abin da gidaje da yawa kan yi shi ne a ƙara zafin ruwa, a ƙara dirza da soso, wani lokaci har da sabulun wanki. A ganina wannan gyaran gangar Auzinawa ne, domin abin da ake kankarewa shi ne abin da fatar take nema.

Saman fatar mutum kamar katangar ƙasa yake. Matattun ƙwayoyin halitta su ne tubala, maiƙo kuwa shi ne makubar da ke hana ruwan jiki fita, ya kuma hana ƙwayoyin cuta shiga. Fata ce ke sarrafa wannan maiƙo da kanta. Sai dai maiƙo ba ya shiri da ruwa, cikin ƙwayar halitta kuwa ruwa ne, don haka sai da ɗan dako. Ɗaya daga cikin masu wannan dako wani ƙaramin furotin ne mai suna FABP5, wanda ke rungumar ƙwayar maiƙo ya kai ta inda ake bukatarta. Masu bincike a birnin Aarhus na ƙasar Denmak ne suka bayyana shi a 1992, bayan sun tarar ya yi yawa ƙwarai a fatar masu cutar soriyasis.

Darasin a nan shi ne, jiki na wahala kafin ya gina abin da sabulu mai kaifi ke rushewa cikin minti biyar. Saboda haka a yi wanka da ruwa mai ɗumi, a taƙaita soso, a shafa mai tun jiki da sauran danshi. Man kaɗe da basilin sun wadatar, kuma ba su fi ƙarfin aljihun talaka ba.

Amma ba kowace bushewa ce ta hunturu ba. Lafiyayyar fata kan sabunta kanta cikin kusan wata guda, ta mai soriyasis kuwa cikin ’yan kwanaki, sai ɓawo ya taru ya yi kauri a gwiwa, gwiwar hannu ko fatar kai. Ba a ɗaukar wannan cuta ta musabaha ko cin abinci a kwano ɗaya, kuma ba kuturta ba ce. Tabon kuturta yakan yi haske, kuma sau da yawa ba ya jin taɓi. Kuturta tana warkewa, maganinta kyauta ne. Ƙyamar mai ciwon fata, ko fasa aure dominsa, zalunci ne da jahilci ya haifa.

Babban haɗarin shi ne man haɗi da ake saye a kemis ko a kasuwa ba tare da ganin likita ba. Da yawansu na ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi. Ƙaiƙayi kan lafa da wuri, daga baya fata ta yi siriri, makero ya bazu, soriyasis kuma ya dawo da fushi idan aka daina shafawa.

Idan an yi mako biyu ana shafa mai tabo bai ja da baya ba, ko yana jini, ko gaɓoɓi sun fara ciwo, a tafi asibiti. Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu tana kusa, har ga mutanen Gwaram. A tafi da duk man da aka taɓa shafawa, a nuna wa likita ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Allah ya ba mu lafiya mai ɗorewa.