Ramukan Sama da Ruwan Kadawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa da hantsi a bakin kanal ɗin Kadawa, inda ruwan Tiga ke rabuwa zuwa gonakin shinkafar Kura da Bunkure, ya lura da karare biyu da suka faɗa juyin ruwa a bayan ƙofa suna kewaya juna, alhali ruwan ne ke hukunta haɗuwarsu ko rabuwarsu, to, ya kama bakin zaren wata mas'ala da ta daɗe tana wahalar da malaman falaki.

A cibiyar kusan kowane babban gungun taurari akwai baƙin rami, halittar da tsananin janta ko haske ba ya kuɓuce mata. Na gungunmu ya kai nauyin rana miliyan 4. Idan gungu biyu suka cakuɗe, ramukansu kan gangaro tsakiya, amma tun 1980 Begelman da Blandford da Rees suka bayyana cewa tafiyar kan cije idan tazarar ta rage kimanin tafiyar haske ta shekara 3, domin sun riga sun watsar da taurarin da ke rage musu gudu. A nan iskar gas ke shigowa. Takan yi faifai ta kewaye su, su kuma su rarake tsakiyarsa, sai ta riƙa kwararowa cikin rarakar ta hanya biyu, tamkar ƙananan magudanai, tana ciyar da kowannensu. Jamhurun malamai sun daɗe a kan cewa faifan yana zuƙe ƙarfin juyinsu har su haɗe, sai ga lissafin kwamfuta na Muñoz da Miranda da Lai a 2019 ya nuna cewa a wasu halaye nisanta su iskar take yi.

Wannan saɓani, a ra'ayina, shi ya fi cancanta ɗalibanmu su ji, domin ana karantar da su kimiyya kamar nassin da aka rufe ƙofar ijtihadi a kansa, mu da muka gaji zauren fiƙihu inda ake kawo ƙauli da ƙauli a auna hujja, kuma Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, da hisabi da ilmin taurari ya yi suna. Malamin kimiyya a Kura ba ya bukatar madubin hangen sama kafin ya fara; kanal na bayan gari.

Hujja kuwa tana tafe. A Yunin 2023 masu binciken NANOGrav, bayan shekara 15 suna bibiyar taurari fiye da 60 masu bugawa kamar agogo, suka sanar da alamar girgizar sarari da ake kyautata zaton daga irin waɗannan tagwayen ramuka take. Na'urar LISA ta Turai kuma, mai auna girgizar sarari, ana shirin harba ta wajen 2035, lokacin da yaran firamaren Bunkure na yau za su isa shiga jami'a.