Kasada Sai Da Horo, Haɗin Kai Sai Da Amana

Kowa ya san sana'armu ta masu ƙarfin hali ce. Wanda zai sayi shanu da sefa a Damagaram, ya ratso ta Maigatari, ya sayar da naira a Agege, ba sai an gaya masa mene ne kasada ba. A Janairun 1994 an wayi gari darajar sefa ta faɗi da rabi. A Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Duk wannan bai kore mu daga kara ba.

To amma fa kasada iri biyu ce. Akwai ta wanda ya tashi a gaban maigida, ya san duba haƙori da kofato, ya san tarin ciwon huhu, ya san takardun malaman dabbobi da na duwan. Akwai kuma ta wanda jari kawai ya samu, ya faɗo kara da rana tsaka.

Matsalar ita ce da yawanmu haɗa tirela muke yi. In mutum ɗaya ya sayi sa mai tari don ya ga araha, shanun kowa ya sa a haɗari. In ɗaya ya ƙi yankar takarda, motar ce dungurungum za ta kwana a iyaka, shanu na ramewa. Wake ɗaya ke ɓata gari. Daga nan sai masu taka-tsantsan su ce sun daina haɗa mota da kowa, alhali haɗin kai shi kansa kasada ne: dukiyarka kake danƙa wa ɗan uwanka. Ba ka yarda da wannan sai ka san wanda ya horar da shi.

Saboda haka muna kira ga shugabanni, kada a ba sabon shiga katin ƙungiya sai ya bi wani maigida tafiya zuwa kudu, an kuma tsaya masa. Ku kuma iyayen gida, ku riƙa zaunar da yaranku kan lissafin canji da la'ada da kuɗin hanya, kada aikinsu ya tsaya a riƙon igiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya tsare hanya, Ya ba da kasuwa, amin.