Kwalejin Katsina ta laka ce, ta haura shekara 100 tsaye

Tun da muka taɓo zancen azuzuwan lakwal a shirinmu, saƙonni ke ta shigowa, kuma mafi yawansu magana ɗaya ce: a gina da siminti da kwano, in babu kuɗin siminti a jira. To, yau ga amsarmu, kuma daga Katsina za mu faro ta.

Daga nan Maraɗi zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba, ta Ɗan Isa da Jibiya. Muna zuwa biki, muna zuwa sayayya, muna zuwa ta'aziyya, don dangi ɗaya ne. Sarkinmu ma har gobe Sarkin Katsina ake kiransa. Amma mutum nawa cikinmu ya taɓa tsayawa ya kalli tsohuwar Kwalejin Katsina? A 1921 aka fara karatu a cikinta, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, gwamnan Ingilishi Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. Ahmadu Bello Sardauna nan ya yi karatu. Abubakar Tafawa Ɓalewa nan ya yi. Abubakar Imam, wanda ya rubuta Magana Jari Ce, shi ma nan ya zauna. A 1938 aka kwashe makarantar zuwa Kaduna, daga baya Zariya, inda ta zama Barewa. Ginin kuwa yana nan inda aka bar shi, an sa shi cikin kayan tarihin Najeriya tun 1959, yau gidan adana kayan tarihi ne.

Kada wani ya ce muna yabon Nasara. Bature don kansa ya kafa makarantar, yana neman malamai da ma'aikatan da za su tafiyar masa da mulki, kamar yadda Faransa ta yi da William Ponty a Senegal inda su Diori Hamani da Bubu Hama suka yi karatu. Wannan daban. Abin da muke so ku duba shi ne katangar. Jar ƙasa ce. Ba a yi jigilar siminti daga Ikko ba, ƙasar wurin aka haƙa, aka yi gini irin wanda maginan Hausa suka sani tun kaka da kakanni.

Kuma aikin ba na wasa ba ne. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta ruɓa kwanaki, a mulmula tubali mai kai kamar ƙwai, a shanya, a jera shi a tsaye. Katanga tana da kauri a gindi, tana sirancewa in ta yi sama, shi ya sa take ɗaukar nauyin kanta. Rufi na azara ne, itacen giginya da gara ba ta cika ci ba. In ɗaki ya yi faɗi, magini ya ɗaure baka, ya lanƙwasa azara daki-daki har su haɗu a tsakiya ba ginshiƙi. A sa indararo ya watsar da ruwa nesa da gindin bango, a shafe da makuba. Duk wanda ya taɓa shiga soron laka da azahar a watan Afirilu ya san abin da muke nufi: katanga ta shanye zafin rana, sai dare take sakinsa. Ku gwada wannan da ajin kwano, inda tun ƙarfe sha ɗaya mushe yana zufa, yara suna gyangyaɗi, in kuma ruwa ya sauko ba mai jin maganar wani.

Yanzu mu dawo gida. Ranar 13 ga Afirilu 2021 wuta ta tashi a azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekarar dai, ga ta a nan Maraɗi, yara fiye da 20, ƙanana masu shekara biyar, shida. Allah ya sa masu ceto ne. Hukuma da bakinta ta ce azuzuwan zana a ƙasar nan sun kai wajen 36,000. Wane lissafi ne zai ce mu jira sai an samu kuɗin siminti na aji 36,000? Sai kowace shekara bayan girbi iyaye su tara kara su kafa rumfa, damina ta zo ta rushe, karatu ya tsaya, a sake. An raba mana duniya biyu, ko siminti ko zana, kamar ba mu da ƙasa ƙarƙashin ƙafarmu.

Mun san abin da za ku ce, kuma kuna da hujja. Daminar 2024 gidajen banko nawa suka faɗi a Maraɗi? Tsohon masallacin Birni a Damagaram, wanda ya fi shekara 150, a gaban idon mutane ya zube a watan Satumba. Gaskiya ne, kuma ya yi mana zafi. Laka ba ta son ruwa a ƙafa, ba ta son sakaci a ka. Tana son tushe na dutse ko na siminti, tana son magudanar ruwa, tana son yaɓe kafin damina. Ita ma Kwalejin Katsina da ba a riƙa gyara ta ba, da tuni ta koma tudu. Amma gidan da aka yi a kwari, da siririn bango, ba tushe, ba indararo, faɗuwarsa ba laifin ƙasa ba ne. Azuzuwan siminti nawa muka gani iska ta yaye kwanonsu shekara biyu da karɓar aiki? Ba wanda ya ce a daina siminti.

Abin haushin ma, masanan suna nan cikinmu. Falke Barmu, magini daga Yama a jihar Tawa, ya fara masallacin garinsu a 1962, a 1986 ya karɓi kyautar Aga Khan ta gine-gine. Mariam Issoufou Kamara, ƴar ƙasar nan, ita da abokiyar aikinta sun gina sabon masallacin Dandaji da bulon ƙasa da aka matse a inji, suka mai da tsohon ɗakin karatu, aka gama a 2018. A Burkina, Francis Kéré ya yi wa ƙauyensu Gando lakwal ta ƙasa a 2001, a 2022 aka ba shi Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya. Turawa suna hawo jirgi su zo kallo, mu kuwa in an ce laka sai a taɓe baki a ce aikin talaka. Wani lokacin ma, mu faɗi gaskiya, ba raini ba ne kawai: aikin da mutanen gari za su iya yi da ƙasarsu da hannunsu ba ya barin rarar da kwangilar siminti ke bari.

Ga abin da muke nema daga magadan gari da masu kula da ilimi na jiha. Kowace komin ta gwada aji uku kawai na ƙasa, da tushe mai kyau, injiniya da sarkin magina su zauna tare su tsara, a ware kuɗin yaɓe cikin kasafin kowace shekara, a liƙa farashin a ƙofar meri kowa ya gani. Bayan damina uku mu zo da makirfo mu tambayi mushe da yara wane aji suka fi son zama. Layinmu a buɗe yake, musamman ga magina. Muna so mu ji daga bakinku nawa aji ɗaya zai ci a yau.