Kafin a sayar da rago don ƙotar sandar golf

Makon jiya mijin ƙanwata ya turo mini hoto daga Kano ta WhatsApp. Wata siririyar sanda ce mai launin shuɗi, an rubuta Ventus a jikinta, ƙarƙashin hoton kuma ga saƙon murya: "Yaya, don Allah duba mini wannan. Yaron nan ya hana ni sakat. Wai in ba ita ba, ba zai yi gaba a wasan ba. Ko in sayar da ragon nan ne?"

Yaron shekararsa 15. Ya soma ne da ɗaukar wa manya jaka a filin golf bayan an tashi daga makaranta, kamar yadda ƴan wasa da yawa a Najeriya suka soma, har wani ya lura hannunsa na da kyau ya ba shi tsofaffin sanduna. Ni kuma an tambaye ni ne don na ɗan taɓa wasan a shekarun da na yi aiki a Yamai, a filin rairayi da ke wajen gari, inda mutum ke yawo da guntun ciyawar roba yana aza ƙwallo a kai. Na san akwai mai cewa ina ruwan malamin Maraɗi ko Tawa da ƙwallon lambu. Amma duk uban da ɗansa ya taɓa zuwa masa da sunan wani kaya, ya rantse da shi kaɗai zai yi nasara, ya san wannan zance.

Sandar golf kashi uku ce: kai mai bugun ƙwallo, mariƙin roba, sai doguwar tsakiyar da ke haɗa su. Wannan tsakiyar nake kira ƙota, don aikinta ɗaya da na ƙotar gatari ko fartanya. A sandar bugun nesa ana yin ta da zaren kabon da aka nannaɗe hawa hawa, kuma nan ne Japan ta yi wa kowa nisa. Kamfanonin Toray da Teijin da Mitsubishi na cikin manyan masu yin wannan zare a duniya, irin wanda ake ƙera jikin jirgin sama da shi. Masu ƙera ƙotar ma na can ne: Fujikura mai Ventus da Speeder, Mitsubishi mai Diamana da Tensei, da Graphite Design da ke Chichibu mai Tour AD. Ba na musun ingancinsu ko kaɗan, kaya ne na gaske.

Farashin ne abin magana. Sabuwar Ventus ta asali ana sayar da ita wajen dalar Amurka 350 (dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba), wato kusan jika 200 na sefa, kuma ƙotar ce kaɗai, babu kai. Ya haura abin da malamin firamare ɗan kwantaragi ke karɓa a wata biyu. Abin da na gaya wa surukina shi ne, kaso mai yawa na kuɗin nan sabunta ake saye da shi, ba nisan bugu ba.

Hujjata ita ce Hideki Matsuyama. A watan Afrilun 2021 ya ci gasar Masters a Amurka, ya zama namiji na farko daga Japan da ya ɗauki ɗaya daga cikin manyan kofuna huɗu na golf. Ƙotar da ke jikin sandarsa ta bugun nesa Tour AD DI ce, samfurin da ya haura shekara 10 a kasuwa a lokacin. Kamfanin da ke yin ta kusan kowace shekara sai ya fito da sabon samfuri da sabon fenti, kuma da Matsuyama ya so, da kyauta za a kai masa su har gida. Bai sauya ba, don wadda ke hannunsa ta dace da shi. In mutumin da ke cin abinci da wannan sanda bai bi yayi ba, me zai sa mai sayar da rago ya bi?

Dacewar nan kuwa ba wani asiri ba ne, a jikin ƙotar ake rubuta ta. Akwai lamba, akwai harafi. Lambar nauyi ce: 5 na nufin giram hamsin da ƴan kai, 6 sittin da ƴan kai, haka har sama. Harafin kuma tauri ne: R matsakaici, S mai tauri, X mai tauri ƙwarai. Ta Matsuyama lamba 8 ce, taurinta ya ma zarce X ɗin da aka saba. Ƙwararru irinsa kan sandarsu na gudun da ya haura kilomita 180 a awa lokacin da ya haɗu da ƙwallo, alhali matsakaicin magidanci mai wasan nishaɗi bai wuce wajen 150 ba. Ka miƙa wa yaro ɗan shekara 15 ƙota mai nauyi da tauri irin wannan, ƙwallon ba zai tashi sama sosai ba, zai riƙa baudewa, yaron kuma zai soma murɗa jikinsa don ya tilasta mata, ya lalata bugun da Allah ya ba shi mai kyau. Kowane malami ya san abin da ke faruwa in an ba ɗan aji uku littafin aji shida don kawai ya fi tsada. Manomi ma ba ya sayo wa ƙaramin yaro kalmen da ya fi ƙarfin kafaɗarsa.

A ƙara da cewa haruffan nan ba su da ma'auni ɗaya tsakanin kamfanoni. S ɗin wannan na iya zama R ɗin wancan, kuma waɗanda aka yi don kasuwar Japan sau da yawa sun fi na kasuwar Amurka taushi ko da harafin ɗaya ne. Shi ya sa in akwai ɗan kuɗi, na fi son a fara kashe shi wajen mai koyarwa ya kalli bugun yaro, in da na'urar auna gudu ya auna. In babu na'ura, a ari sandunan mutane biyu ko uku a gwada. A filin golf ba a rasa mai ba da aro ga yaro mai ladabi.

To in an san nauyi da tauri, ina ake samun sauƙi? Hanya mafi kusa ita ce samfurin da aka daina yayinsa. Da zarar sabo ya fito, na bara da na bara waccan sai farashinsu ya sauka, alhali ƙotar kabon ba ta tsufa kamar tayar mota. In ba ta tsage ba, yadda take jiya haka take yau. Sai kuma ta hannu. A Japan kasuwar kayan golf na hannu babba ce, da shaguna irin su Golf Partner masu rassa a faɗin ƙasar, saboda ƴan wasan can na yawan sauya kaya tun ba su ji jiki ba. Daga irin wuraren nan ne kaya masu kyau ke bazuwa duniya a farashin gwanjo.

Amma nan ne ake cin mutane, don haka a buɗe ido. Ƙotar da aka cire daga jikin wani kan sanda, da zafi ake narkar da gam ɗin da ya riƙe ta, kuma in mai cirewar ya cika wuta, bakin ya ƙone ke nan. A duba wurin da kyau, a nemi hotonsa kusa kusa, kada a ga tsaga ko zare ya tashi. A tambayi tsawo, don sabuwa kan zo da inci 46, wajen santimita 117, mai ita na farko ya yanke daidai tsayinsa, abin da aka yanke daga baki kuwa ba ya dawowa, kuma yana ƙara mata tauri. A kuma duba ɗan mahaɗin da ke bakinta, don kowane kamfanin kan sanda da irin nasa. Na TaylorMade ba ya shiga kan Ping.

Akwai wani abu da ko masu wasa da yawa ba su lura da shi ba. Suna ɗaya na iya zama a jikin kaya iri biyu. Wasu sabbin sanduna na zuwa daga kanti da ƙota mai suna Ventus, amma ba irin ta dala 350 ba ce, samfuri ne mai rahusa da aka yi don a haɗa da sandar. Ta asalin tana da tambarin VeloCore kusa da baki. Wannan ba jabu ba ce, kuma ga mai koyo ta ma isa ta yi yawa, sai dai kada a biya kuɗin waccan a karɓi wannan. Jabun na gaske kuma suna nan fal a intanet. Duk wanda ya ce zai sayar maka da sabuwa dal cikin leda a kan jika 25, fenti ya sayar maka.

Na kuma tuna wa surukina cewa doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna har 14, ta bugun nesa kuwa bai fi sau 14 ake ɗaga ta ba a zagayen ramuka 18. Sauran bugun duk na sandunan ƙarfe ne da na kusa da rami. In son kayan Japan ne, ƙotar ƙarfe ta Nippon Shaft mai suna N.S. Pro 950GH tana kasuwa tun 1999, an san ta da rashin nauyi, kowace ɗaya ƴan gomman daloli ce, kuma tana cike a jikin sandunan hannu.

Ga yaro mai girma dai, ra'ayina a fili yake: kada a saya masa mai tsada ko da ta hannu ce. Wanda yake shekara 15 yau, nan da shekara biyu tsayinsa da ƙarfinsa sun sauya, abin da ya dace da shi bana ya zama bulala a hannunsa.

Surukina ya kai shi wajen mai koyarwa ranar Asabar. An gwada masa uku, wadda ta fi tafiya da shi wata tsohuwa ce mai lamba 5 da harafin R, fentinta duk ya koɗe, mai ita ya ce a ba da abin da ya sawwaƙa. Yaron ya kwana biyu yana fushi don ba shuɗiya ba ce. Ragon na nan ɗaure yana jiran layya.