Makarantar Mayflower Ta Ikenne Da 'Ya'yan Sabo

Duk wanda ya taɓa safarar goro a Shagamu ya san garin Ikenne, domin tafiyar 'yan mintoci ce a mota daga Sabo. An fi saninsa da cewa garin marigayi Cif Obafemi Awolowo ne. Amma a bayan garin akwai wani wuri da ya kamata mutanen Arewa mazauna Kurmi su san labarinsa, watau makarantar sakandare ta Mayflower, inda 'ya'ya maza da mata suke karatu tare.

Wanda ya kafa ta shi ne Dokta Tai Solarin, mutumin Ikenne, tare da matarsa Sheila, Baturiyar Ingila. Ya yi aikin sojan sama na Ingila a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'an nan ya yi karatu a Jami'ar Manchester. Da ya komo gida aka ba shi shugabancin Kwalejin Molusi ta Ijebu-Igbo cikin 1952. Zama bai yi daɗi ba. Hukumar makarantar ta ce tilas kowace safiya a fara da waƙoƙin coci da addu'a, ranar Lahadi kuma a jera yara a kai su coci. Shi kuwa ya ce ba da shi ba. Ya ajiye aiki ya koma garinsu. Ranar 27 ga watan Janairu, 1956, Mayflower ta buɗe da yara kimanin 70, shekara guda ke nan bayan Gwamnatin Jihar Yamma ta fara ba da ilmin firamare kyauta. Sunan kuwa na wani jirgin ruwa ne wanda ya kai wasu Turawan Ingila Amurka cikin 1620, mutanen da suka bar ƙasarsu saboda an matsa musu a kan hanyar ibadarsu.

A zamanin nan yawancin makarantun sakandare na ƙasar Yarbawa a hannun 'yan mishan suke, wasu kuma na ƙungiyoyin Musulmi ne irin su Ansar-ud-Deen. Tsoron Bahaushen Sabo ke nan, kada ya ba da ɗa a komo masa da shi da wani suna. Mayflower ta fito da nata tsari dabam, babu tilasta wa yaro ibadar kowa. Amma fa kada a rufe gaskiya, Solarin bai yarda da wani addini ba, ya faɗa a jarida, bai kuma ɓoye wa yaran ra'ayinsa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga uba Musulmi, kuma duk wanda ya yi ɗari-ɗari da makarantar saboda haka ba za a ga laifinsa ba. Abin mamaki shi ne, a nan Fasto William Kumuyi ya gama sakandare cikin 1961, ya komo ya koyar da lissafi, daga baya ya kafa cocin Deeper Life. Ashe abin da gida ya dasa wa yaro ba ya tumɓukuwa da sauƙi.

Abin da ya fi dacewa a lura da shi a tarihin Mayflower shi ne aikin hannu. Yara su suka sare daji, su suka buga bulo, da su aka gina ɗakunan karatu da na kwana. Suna noma wani sashe na abincin da za su ci, suna share wurinsu da kansu. Ɗan attajiri da ɗan lebura adda ɗaya suke riƙewa, yarinya kuma ba a ce ta koma gefe ta yi kallo ba. Shugaban makarantar da kansa, cikin gajeren wandonsa na kaki wanda ya zama masa alama, yana tsakiyar aikin. Shi ne fa mutumin da yakan tsaya ya ɗauke gawar da aka yar a bakin titi kowa yana wucewa yana toshe hanci. Bakinsa kuma bai bar shi ya zauna lafiya ba, an tsare shi zamanin Janar Gowon cikin 1974, an sake tsare shi cikin 1984. Ya rasu cikin 1994, matarsa kuma cikin 2012.

Irin wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce ga mutumin Arewa. Almajirin da ya yi wa malaminsa noma da damina, ya koyi ɗinkin hula ko dukanci da rani, ya san ta tun kafin a haifi Solarin. Abin takaici, boko ya zo ya koya wa mutane cewa mai takarda ba ya taɓa fartanya, yau ga masu takardar nan birjik suna jiran aikin ofis da ba ya zuwa.

Sai maganar 'ya'ya mata, nan ne gizo yake saƙa. A Sabon Shagamu, da Sabon Badun, da Agege, da Idi-Araba, an sha jin uba yana cewa ba zai kai 'yarsa makarantar da ake cuɗanya maza da mata ba. To, madalla. Amma ina yarinyar take wuni? Sau da yawa tana tasha da tiren goro ko kwanon abinci a ka, tsakanin direbobi da 'yan kamasho, tun safe har magariba, babu malami, babu mai tsawatarwa, babu wanda zai kira suna ya ga ko ta zo. In cuɗanya ake gudu, wace ce ta fi wannan muni? A aji akwai rajista, akwai lokacin tashi, akwai wanda uba zai je ya tuhuma in wani abu ya faru. Sa'an nan ranar da matarsa ta tashi haihuwa, shi wannan uban ne zai shiga asibiti yana neman likita mace mai jin Hausa, ya rasa.

A tsakiyar shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantu daga hannun masu su, Solarin kuma ya sauka daga shugabanci cikin 1976, bayan shekara 20. Ba a ce kowa ya kwashi 'ya'yansa ya nufi Ikenne ba. Makarantun gwamnati na maza da mata suna nan a kusa da kowace Sabo. Abin da ya rage ga uba shi ne ya taka ya je ya ga shugaban makarantar, ya tambayi yawan yara a aji, ya duba ko akwai makewayi na mata dabam, ya ji ko za a bar 'yarsa ta sa hijabi ta yi sallar azahar. In an ƙi, sarakunan Hausawa da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da bakin da za su kai kuka ofishin ilmi, muddin sun je tare. Karatun allo da Islamiyya kuwa ga yamma nan, ga Asabar da Lahadi. Kuma in mutum ɗaya da matarsa sun iya tayar da sakandare a dajin Ikenne da yara 70, dillalan goro na Shagamu da na shanu na Agege ba za su ce ba su da ƙarfin sayen fili da siminti ba.