Ingilishi ya shiga doka, saura ya shiga baki



Tun watan Maris na 2025 da Kundin Sake Gina Ƙasa ya fito, an yi ta tattaunawa a kan matsayin da ya ba Hausa na harshen ƙasa. Amma akwai wani abu a wannan kundi da ban ji an tsaya an yi masa kallon tsanaki ba: ya ce harsunan aiki su ne Ingilishi da Faransanci. Wato Ingilishi, wanda da muke ɗauka darasi ne kawai na kwalej, yanzu doka ta zaunar da shi kusa da Faransanci. Tambayata ita ce, wa zai yi aikin da shi? Mu nawa ne za mu iya buɗe baki mu nemi magani, ko mu yi ciniki, ko mu kare kanmu da shi?

Duk wanda ya bi lakwal a ƙasar nan ya san lissafin. Ana fara Ingilishi daga ajin farko na kwalej, shekara 4 zuwa BEPC, a ƙara shekara 3 a lise. Shekara 7 ke nan. Amma ka tare mai bak a hanya ka ce ya yi wa baƙo kwatancen tasha da Ingilishi, galibi sai ka ga ya yi murmushi ya koma Faransanci. Ba daƙiƙanci ba ne. Yaron ya haddace jerin aikatau masu wuya, ya cika kaye da dokokin nahawu, ya ci jarrabawa. Abin da bai samu ba shi ne damar magana. A ajin da yara suka yi cunkus, in mushe ya ce kowa ya yi jimla ɗaya, awa ta ƙare kafin a kai benci na baya. Ga shi kuma ana koya masa Ingilishin da Faransanci, harshen da shi ma bai gama zama a bakinsa ba. Sai ya yi tunani da Hausa ko Zabarmanci, ya juya zuwa Faransanci, sannan ya sake juyawa zuwa Ingilishi. Kafin ya iso, mai tambayar ya wuce.

Na san abin da wasu za su ce: "To mu ina ruwanmu? In ka je Kano ko Katsina ko Sakkwato ai Hausa ake yi." Gaskiya ne, baki Hausa yake yi. Amma takarda fa? Rasit, takardar banki, takardar likita, yarjejeniyar haya, takardun kwastan, duk da Ingilishi suke da zarar ka tsallaka Dan Isa zuwa Jibiya, ko Birnin Konni zuwa Illela. Iyakarmu da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500, kuma kusan kowane gida a kudancin ƙasar nan yana da wanda ke cin abinci ta can. Mai kai albasar Galmi Ghana, da mai saro kaya a Dubai ko Sin, da ɗalibin da ke neman gurbin karatu waje, duk sun san kuɗin da ake biyan tafinta, da fargabar sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Ga layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maradi. Ranar da ya fara aiki, waɗanda ke jin harsunan gefe biyu su ne za su fara samun abin yi.

Ko wanda bai taɓa barin ƙauyensu ba, Ingilishi ya same shi har gida. Ku duba kwalaben maganin ƙwari da na ciyawa da ke shigowa kasuwanninmu daga Najeriya. A jikinsu aka rubuta yawan ruwan da za a sirka, da kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a tsinki tumatir ko kabeji, da abin da za a yi in ya shiga ido. Manomi ba ya iya karantawa, mai sayarwa ma haka, sai a auna da ka. Haka magungunan mutane da ake bugo bayaninsu da Ingilishi. Wannan ya wuce batun burgewa, batun lafiya ne.

Akwai kuma masu cewa mun gudu daga harshen wani Bature mun faɗa na wani. Ina ganin girman wannan damuwa. Amma abin da ya cutar da mu a Faransanci shi ne yadda ya zama katanga: ƴan kaɗan suka mallake shi, suka shige biro, sauran jama'a suka tsaya waje suna neman mai karanta musu takarda. In muka yi sake, haka za ta faru da Ingilishi. Masu hali tuni suna kai ƴaƴansu makarantun kuɗi masu harshe biyu, ko su tura su Najeriya da Ghana. Ɗan talaka na Madarunfa ko Magariya ko Buza, wa ya tanadar masa? Ko a ba kowa wannan harshe, ko kuwa nan da ƴan shekaru mu tarar da sabuwar katanga a wurin tsohuwar.

Abin daɗi shi ne ba daga sifili za mu fara ba. Mota, taya, birki, direba, tikiti, tebur, bokiti, likita, asibiti, duk daga Ingilishi Hausa ta aro su. Wanda ya yi Faransanci kuma yana da jari na biyu, domin tun 1066 da Normandawa suka ci Ingila, kalmomin Faransanci masu ɗimbin yawa suka shiga Ingilishi. Da yawa rubutunsu ɗaya ne, furuci ne ya bambanta. Saboda haka kunne da baki ne ke bukatar aiki.

Ga mai son farawa yau, shawarata ita ce ka bar haddar kalmomi ɗai-ɗai, ka koyi jimlolin sana'arka. In ɗan kasuwa ne kai, zauna ka rubuta abubuwa 30 da kake faɗa kullum: nawa ne, ya yi tsada, rage mini, yaushe kayan za su iso, ba ni rasit. Nemi wanda ya iya ya faɗa maka su da murya a WhatsApp, ka riƙa saurare kana maimaitawa da ƙarfi. Ka ba lambobi muhimmanci, domin a Ingilishi 15 da 50, ko 16 da 60, furucinsu ya yi kusa ƙwarai, kuma a waya nan ake tafka asara. In kana shakka, ce a rubuto maka. Jimlolin da suka fi kowanne amfani su ne na neman a maimaita da na neman a yi magana a hankali, domin matambayi ba ya ɓata. Minti 15 kullum ya fi awa 3 ranar Lahadi kaɗai.

Sai babbar cutarmu, dariya. Yaro ya yi kuskure ɗaya a aji, a laƙaba masa suna har ya gama kwalej. Wallahi wannan dariyar ta rufe bakin mutane fiye da rashin littafi. Ku dubi ƴan ci-raninmu da suka zauna Legas ko Kumasi: ba su san sunan ko dokar nahawu ɗaya ba, amma suna ciniki da Buroka, ana gane su, domin ba su tsaya jin kunya ba. Ɗan lakwal yana da rubutu, ɗan ci-rani yana da baki. A haɗa su wuri ɗaya mana. Kowace unguwa tana da fada. Me zai hana tsakanin shayi na farko da na biyu a ware minti 20 na Ingilishi, da sharaɗin wanda ya yi wa wani dariya shi zai sayi sukarin gobe? Ƙannenmu mata da ba su zaman fada, a buɗe musu nasu zaman a gida ko a ƙungiyoyin mata, kada a bar su baya kamar yadda aka saba.

Ga hukumomin ilimi kuma, ina da roƙo uku. A bar malami ya yi bayani da harshen da yaro ya tashi da shi, Hausa ce ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci, ba tare da an ɗauke shi laifi ba. A ba magana da saurare maki mai nauyi tun daga ajin farko na kwalej, domin abin da ake ba maki shi ɗalibi ke koyo. Sannan a yi amfani da rediyoyin karkara, a riƙa gajeren darasi da harsunan gida, a fara da karanta jikin kwalbar magani. Ɗaliban sashen Ingilishi na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai za su iya wannan aiki lokacin hutu in an ba su ɗan abin zirga-zirga.

Doka ta yi nata. Ku gaya mini, a fadarku ko a unguwarku wa ya iya, kuma yaushe za ku fara zama?

Allah ya sa mu dace.